Yadda ƙaramar ƙungiyar rok mai cin gashin kanta ke kai waƙa daga ɗakin atisaye zuwa dandali

Ƙungiyar rok da ba ta ƙarƙashin babban kamfanin waƙa galibi mutum huɗu ce ko biyar: mai ganguna, mai gitar bes (gita mai kaurin amo), mai gita ɗaya ko biyu, sai mai rerawa, wanda sau da yawa shi ma gita ce rataye a wuyansa. Ba manaja, ba furodusa, ba mai ɗaukar kaya. Kowa na da aikinsa ko karatunsa da rana, haɗuwar kuma ba ta wuce awa biyu ko uku, sau ɗaya ko biyu a mako. Abubuwa biyu ne suka fi wargaza irin wannan tafiya: waƙoƙin da aka fara aka kasa ƙarasawa, da maganar haƙƙi da aka bari sai ranar da kuɗi suka shigo. Dukansu ana iya tare su tun da wuri.

Abin da za a shigo da shi ɗaki

Kada a zo atisaye hannu rabbana da fatan waƙa za ta faɗo daga sama. Mutum ɗaya ya zo da abu ƙwaya ɗaya mai tsawon daƙiƙa 20 zuwa 40: ɗan zagayen kiɗa a gita, ko amshi mai ɗango biyu, ko jerin kod huɗu, wato sautukan da ake dannawa tare a kaɗa lokaci guda. Ya ɗauka a waya, ya tura wa sauran kwana biyu kafin haɗuwa. Kada kuma ya zo da waƙa kammalalliya wadda ya riga ya tsara wa kowa abin da zai kaɗa. Mai bes da aka miƙa wa layinsa a gama yakan kaɗa shi ba rai, kuma bayan waƙa biyar irin wannan zai fara jin kamar ɗan haya ne a ƙungiyar.

Ga ƙa'idar da ya kamata ku shimfiɗa tun ranar farko: duk shawarar da wani ya kawo, a kaɗa ta sau ɗaya kafin a ƙi ta. Gwadawa minti ɗaya ce, gardama kuwa sai ta cinye rabin awa, kuma kunne ya fi baki saurin yanke hukunci a harkar kiɗa.

A fara da maƙogwaron mai rerawa

Kuskuren da sababbin ƙungiyoyi suka fi yi shi ne barin mai gita ya zaɓi tsayin waƙa gwargwadon abin da ya yi wa yatsunsa daɗi. Sai a shafe mako uku ana gini, ranar da mai rerawa ya buɗe murya sosai a gane amshin ya fi ƙarfinsa. Ku juya tsarin. Ku nemo sauti mafi tsayi a amshi, mai rerawa ya rera wurin sau biyar a jere da cikakkiyar murya, a tsaye, da ganguna suna tafiya. In a karo na huɗu muryar ta fara shaƙewa, ku sauke waƙar, domin a dandali zai iso wurin ne bayan ya riga ya rera waƙa shida.

Sauyawar ba wuya. Kapo, ɗan matsin nan da ake ɗaurawa a wuyan gita, yana ɗaga sauti rabin mataki a kowane gida, wato tazarar da ke tsakanin sandunan ƙarfen wuyan gita: in kuna kaɗa siffar G (da haruffa ake kiran sautuka da kod) kuka sa shi a gida na 2, kun koma A. In saukewa ake so, a sassauta duk tsirkiyoyi shida rabin mataki, daga E A D G B E da aka saba zuwa E♭ da 'yan uwanta, mai bes ma ya bi. Kowa ya daidaita tsirkiyarsa da na'urar saiti a kan A 440, wato ma'aunin da aka saba, inda sautin A ke girgiza sau 440 a daƙiƙa. Kada ɗaya ya saita da kunne daga gitar ɗaya, domin kuskure ne zai yi ta gadon kuskure.

A wajen kalmomi, marubutan rok da dama kan fara da rera sautukan da ba su da ma'ana a kan karin, sannan su nemo kalmomin da suka zauna a gurbin. Dabarar tana aiki saboda tana nuna inda kari ke neman dogon wasali. Sautin da za a ja, musamman mafi tsayi, ya faɗa kan wasali buɗaɗɗe kamar "a" ko "o", don "i" da "u" suna matse maƙogwaro a can sama. Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin aiki: doguwar gaɓa ta hau dogon sauti, gajeriya ta hau gajere, in ba haka ba kalmar za ta fito a karkace, wani lokaci ma ta koma wata kalmar daban. Baiti ya ɗauki abubuwan da ido ke gani, ɗaki, titi, lokaci, abin da wani ya faɗa. Amshi ya ɗauki magana guda, gajera, wadda baƙo zai iya kamawa a ji na biyu. In kun rera amshi ba tare da kiɗa ba kuka ji bai tsaya da ƙafarsa ba, ƙara gita ba zai cece shi ba.

Lissafin tsayin waƙa

Yawancin waƙoƙin rok bugu huɗu ne a kowane zango. A gudun bugu 120 a minti, zango ɗaya daƙiƙa 2 ne. Da wannan za ku iya auna waƙa a takarda kafin ku ɓata lokaci: shimfiɗa zango 4, baitin farko 16, amshi 8, baiti na biyu 16, amshi 8, gada 8, amshi ninki biyu 16, rufewa 4. Jimla zango 80, minti 2 da daƙiƙa 40, kuma amshin farko ya iso a daƙiƙa ta 40. Ba doka ba ce. Amma in amshinku bai zo ba sai bayan minti ɗaya da rabi, ya zama kun san dalilin da ya sa kuka jinkirta shi.

Ku tsayar da gudun waƙa da na'urar ƙirga bugu, ku rubuta lambar. Ku gwada ta da ƙarin bugu 4, sannan da ragin 4. Wannan ɗan bambancin yakan raba waƙar da ke jan ƙafa da wadda ke tafiya. Alamar gudu ya yi yawa ita ce mai rerawa ya fara haɗiye ƙarshen kalmomi.

Gada ita ce sashen da ake yawan cusawa don kawai an ga wasu na yi. Aikinta ta kawo abin da ba a ji ba tukuna: kod da bai fito ba a baya, ko sauke kiɗan ya rage bes da murya, ko magana ta juya. In ba ta yi ɗaya daga cikin waɗannan ba, a cire ta.

Raba fili tsakanin kayan kiɗa

A nan waƙa ke gyaruwa ko ta lalace, kuma a nan ya kamata mafi yawan lokacin atisaye ya tafi. Matsalar sabuwar ƙungiya kusan kullum ɗaya ce: kowa na kaɗawa daga farko har ƙarshe, da ƙarfi ɗaya, a wuri ɗaya. Sakamakon shi ne amo mai kauri wanda ba a rarrabe komai a cikinsa, amshi kuma ya zo ba a ji ya ɗaga ba, tunda ba a bar masa inda zai ɗaga zuwa ba.

Ku fara da ganguna da bes su kaɗai, masu gita su ajiye hannu. Tsarin asali shi ne gangar ƙafa a bugu na 1 da na 3, ƙaramar ganga mai kaifin amo a na 2 da na 4. Mai bes ya saurari ƙafar mai ganguna, su sauka tare. In mai ganguna ya ƙara bugun ƙafa a tsakanin 2 da 3, ko dai mai bes ya bi shi ko su yarda a kan wanda zai bar wurin. In su biyun nan suka kaɗa baiti da amshi kuka ji bambancin sassan ba tare da gita ba, ginin ya tsaya.

Sai gita ta farko. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kusan hertz 41, wato girgiza 41 a daƙiƙa, ta gita kusan 82, ma'ana ƙasan gita yana shiga gonar bes. Mai gitar da ya saba kaɗawa shi kaɗai a ɗakinsa yakan murɗa maɓallin ƙasa na amfilifaya, akwatin da ke ƙara amon gita, sosai don sautin ya cika. A cikin ƙungiya wannan cikar ce ke zama laka, musamman tsakanin hertz 200 da 400. Ya rage ƙasa, ya ƙara tsakiya. Shi kaɗai zai ji gitar ta rame, amma da kowa ya shigo sai ta fito fes. Haka ma na'urar da ke gurɓata amon gita ya yi ƙuru-ƙuru: rabin abin da kuke zato ya isa, don yawanta yana shafe bakin kowane sauti, kod ya koma shuu kawai.

Gita ta biyu kada ta maimaita ta farko. In ta farko tana kaɗa G, D, Em, C a gindin wuya, ta biyu ta sa kapo a gida na 7 ta kaɗa siffofin C, G, Am, F. Kod ɗin ɗaya ne, amma sun hau sama sun bar wa juna wuri. Ko kuma ta bar kod gaba ɗaya ta riƙa tsinkar sauti ɗaya-ɗaya a inda mai rerawa ke numfashi. Wannan amsa-kuwwa tsakanin murya da gita na daga cikin abubuwan da suka fi ƙawata irin wannan kiɗa, kuma ba ta buƙatar gwaninta mai yawa, saurare take buƙata.

Daga nan ku yi aikin cirewa. A baitin farko gita ɗaya ta yi shiru gaba ɗaya. Mai ganguna ya riƙe faya-fayan ƙarfensa a rufe a baiti, ya buɗe su ko ya koma babban faifai a amshi. A bugu biyu na ƙarshe kafin amshi kowa ya ɗauke hannu, murya kaɗai ta ratsa. Baiti na biyu kada ya zama kwafin na farko: a ƙara abu ɗaya, ko a cire abu ɗaya. Ku sani fitar kalmomi tana zaune ne wajen hertz 2,000 zuwa 4,000, daidai inda faya-fayan ƙarfe da gurɓatacciyar gita suke da ƙarfi. Duk lokacin da aka ce ba a jin mai rerawa, ku fara duba waɗannan biyun kafin ku ƙara masa lasifika.

Mai kiɗan da aka ce ya yi shiru na zango 16 yakan ji kamar an rage masa daraja. Yana da kyau a faɗa a fili cewa shigowarsa a amshi ita ce abin da mai sauraro zai tuna.

Ƙara da lafiyar kunne

Ganguna ba su da maɓallin ragewa, don haka su ne ma'auni. Mai ganguna ya kaɗa, a ɗaga murya a lasifika har a ji kalmomi, sannan bes, gita a ƙarshe. Amfilifayar da ke ƙasa tana harba sauti ne ga gwiwoyin mai ita, shi ya sa yake ta ƙarawa yana cewa ba ya ji, alhali wanda ke ɗaya gefen ɗakin ya kusa kurmancewa. A ɗora ta kan kujera ko a jingina ta ta kalli kansa. In makirufo ya fara kuka, sautin lasifika ne ke komawa cikinsa. Makirufon rerawa irin Shure SM58 ba ya ɗaukar abin da ke bayansa sosai, don haka lasifikar mai rerawa ta kasance daidai bayan makirufon, kuma kada ya dunƙule kansa da tafin hannu, wannan na ƙara kukan.

Maganar kunne ba ta wasa ba ce. Ma'aunin da hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta bayar shi ne awa 8 a ƙarar desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ke nan, ƙaramin ɗaki mai ganguna da amfilifaya biyu kuwa yana kaiwa nan cikin sauƙi. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Kowa ya sayi abin toshe kunne na makaɗa, mai rage ƙara ba tare da dushe sauti ba. Kunnen da ke ƙara bayan atisaye gargaɗi ne.

Ku raba lokacin: minti 15 na saiti da ɗumama hannu, awa ɗaya a kan sabuwar waƙa ɗaya tak, hutu, sannan tsofaffin waƙoƙi a jere kamar a dandali. In wuri ya gagara, a maimaita zango huɗun nan kaɗai, a rage gudu, kada a koma farkon waƙa kowane karo. A ɗauki komai a waya, a ajiye ta nesa da ganguna, a sa wa fayil suna da kwanan wata da gudu. A saurara washegari, ba a daren ba.

Ɗaukar gwaji a gida

Kwamfuta, akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu, makirufo irin Shure SM57 da manhajar ɗaukar sauti kamar Reaper, GarageBand ko Audacity sun isa. A saita ingancin ɗauka a manhajar a bit 24 da kilohertz 44.1 ko 48. A bar ƙololuwar sauti tana kaiwa wajen -12 zuwa -6 a mitar da ke nuna ƙarfin sauti a manhajar. In ta taɓa sifili sautin ya fashe, kuma ba ya gyaruwa daga baya. In mai kiɗa yana jin kansa a makare cikin abin kunne, ma'ajin jinkirin manhaja ne ya yi girma: in an saita shi a 1024, jinkirin a kilohertz 48 ya haura kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa, 128 kuwa bai kai kashi 3 ba. A rage shi lokacin ɗauka, a mayar da shi sama lokacin haɗawa.

A fara da gita da murya na jagora a kan na'urar ƙirga bugu, sai ganguna, bes, gita, murya a ƙarshe. Makirufon gita ya matso dab da rigar lasifika. Tsakiyar lasifikar ta fi kaifi, gefe ya fi taushi, matsar da shi inci ɗaya yana canza sauti fiye da murɗa maɓalli. In ana son gita ta yi faɗi, a kaɗa ta sau biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafe ɗauka ɗaya zuwa gefe biyu ƙara kawai yake ƙarawa, sautin na nan a tsakiya. A sa sababbin tsirkiyoyi kwana ɗaya kafin ɗauka, a ja su da hannu su miƙe, a sake saiti kafin kowane ɗauka.

Wa ke da waƙar?

Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na rubutu, wato kari da kalmomi, da na sautin da aka ɗauka. Kuɗinsu ta hanyoyi daban suke zuwa. Ranar da aka gama waƙa, a rubuta takarda: sunanta, kwanan wata, cikakken sunan kowa, kasonsa cikin 100, kowa ya sa hannu. Wasu ƙungiyoyi suna ba wanda ya kawo kari da kalmomi kaso mafi girma. Wasu suna rabawa daidai, kamar yadda ƙungiyar rok ta Amurka R.E.M. ta riƙa sa sunayen mambobinta duka a kan waƙoƙinta. A ganinmu rabon daidai ya fi dacewa da ƙungiyar da ke gina waƙa tare a ɗaki, domin yana hana mutum nacewa a kan ra'ayinsa don kawai kasonsa ya ƙaru. In mutum ɗaya ne ke rubuta komai, a faɗa, a yarda, a rubuta. Kowane marubuci ya yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa ta ƙasarsa, irin su ASCAP da BMI a Amurka ko PRS a Birtaniya.

A wata takardar kuma a amsa tambayoyin da ba wanda ke son yi: wa ke da sunan ƙungiya in wani ya fita, ina makomar kayan da aka saya da kuɗin kowa, su wa ke riƙe da lambobin sirrin shafuka, kashi nawa na kuɗin wasa ke shiga asusun ƙungiya kafin a raba. Lambobin sirri kada su zauna a hannun mutum ɗaya. A raba ayyukan da ba na kiɗa ba su ma: mai neman wasanni, mai riƙe lissafi, mai kula da shafuka, mai duba kaya. Wanda aka bar wa duka shi ne zai fara gajiya.

Fitarwa da hawa dandali

Kamfanonin rarrabawa irin DistroKid, TuneCore da CD Baby suna kai waƙa Spotify da Apple Music, su kuma ba ta lambar ISRC, wato lambar shaidar sautin da aka ɗauka. A ɗora ta kamar mako huɗu kafin ranar fita, domin Spotify for Artists, shafin mawaƙa na Spotify, na son a gabatar da waƙa ga masu zaɓen waƙoƙinsa aƙalla kwana 7 kafin ta fito. Kada ku ɗora buri a kan kuɗin saurare: tun 2024, waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun kason sautin da aka ɗauka a Spotify. Wasan dandali, riguna da sayarwa kai tsaye a shafin Bandcamp sun fi saurin kawo abin da zai biya hayar ɗakin atisaye.

Sabuwar ƙungiya yawanci minti 30 ake ba ta, waƙa bakwai ko takwas. Ku buɗe da wadda kuka fi iyawa ko da idonku a rufe, saboda a waƙar farko mai kula da sauti yana kan gyara, hannuwanku kuma ba su saki ba. Waƙoƙin da ke buƙatar saiti ɗaya ko kapo a gida ɗaya su zo a jere, don kada shiru ya yi yawa a tsakani. Ku yi atisayen shiga daga waƙa zuwa waƙa kamar yadda kuke yi wa waƙoƙin kansu, ku auna jimlar da agogo, ku sauka kafin lokacinku ya cika. Tsoro yana sa mai ganguna gudu, don haka ya rubuta lambar gudun kowace waƙa a takardarsa, ya duba na'ura kafin ya ƙirga.

Ku aika wa mai sauti zanen inda kowa zai tsaya da jerin makirufon da kuke buƙata tun kafin ranar. A gwajin sauti ku kaɗa sashe mafi ƙara, kowa ya faɗi abin da yake so a lasifikarsa a taƙaice, sauran su yi shiru in ana gwada mutum ɗaya. A jaka a samu tsirkiyoyi na ajiya, waya biyu ta gita, batir mai volt 9, sandunan ganga, tef mai ƙarfi da abin yanka waya. Wayar lasifika daban take da wayar gita ko da bakinsu iri ɗaya ne, kada a musanya su, kuma amfilifaya mai kwalaben gilashi a ciki ba a kunna ta sai an tabbatar lasifika na haɗe, in ba haka ba tana iya ƙonewa. In tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar waƙa, bes da ganguna su ci gaba da zagaya baitin har mai gita ya ɗauki ta ajiya, wadda aka riga aka saita aka jingine a gefen amfilifaya.